Ryzen 7 7800X3D ko Core i7-14700K: wanne zan ce ka saya?

In aka ajiye takardar bayanan waɗannan furosesa biyu, wato ƙwaƙwalwar kwamfuta, gefe da gefe, sai mutum ya ce ai magana ta ƙare tun ba a fara ba. Core i7-14700K na kamfanin Intel ƙwayoyin aiki 20 gare shi, yana tafiyar da layin aiki 28 a lokaci guda, gudunsa kuma yakan kai gigahaz 5.6. Ryzen 7 7800X3D na AMD kuwa ƙwayoyi 8 ne kacal, layi 16, gudunsa bai wuce gigahaz 5.0 ba. Ga shi kuma da suka shigo kasuwa na AMD ɗin ne ya fi tsada: dala 449 a watan Afrilun 2023, na Intel da ya biyo baya a watan Oktoba na wannan shekarar aka sa masa dala 409. Ƙwaya ta fi yawa, gudu ya fi, kuɗi ya fi sauƙi. To me kuma ake jayayya a kai?

Jayayyar ita ce takarda ba ta san abin da za ka yi da kwamfutar ba. Ni duka biyun ina da su. i7 ɗin yana cikin kwamfutar da nake tace bidiyo da ita, wato wadda nake cin abinci da ita. Ryzen ɗin kuma yana cikin wadda na harhaɗa da hannuna don buga gem, wato wasannin kwamfuta, in an tashi daga aiki. Nakan cire katin girafik, wanda ke zana hoton da ake gani a allo, daga wannan in sa a waccan, don haka abin da zan faɗa ba daga jita-jita na ɗebo shi ba.

Mu fara da gem, tunda yawancin masu tambayata saboda shi suke tambaya.

Sirrin 7800X3D yana cikin kash, ƙaramar ma'ajiyar nan da ke cikin furosesan kansa, inda yake ajiye bayanan da yake yawan komawa kansu. i7 yana da megabait 33 na babban kash. Ryzen ɗin yana da 96. Asalinsa 32 ne, sai AMD ta ɗauko wani faifan silikon mai megabait 64 ta ɗora shi a kan ƙwayoyin, ta haɗe su. Wannan dabarar ce suke kira 3D V-Cache. Ka ɗauki tela biyu. Ɗaya hannunsa ya fi sauri, amma teburinsa ƙarami ne, duk bayan ɗan lokaci sai ya tashi ya shiga ɗakin ajiya ɗauko zare ko maɓalli. Ɗayan bai kai shi zafin nama ba, amma komai na gabansa, miƙa hannu kawai yake yi. In ɗinkin mai yawan canjin zare ne, na biyun zai riga gamawa. Gem irin wannan ɗinkin ne. Kowane firam, wato kowane hoto guda cikin jerin hotunan da ka gani a allo, sai furosesa ya duba inda kowane abu yake, wa ya motsa, harsashi ya samu wa, sannan ya miƙa wa katin girafik ya zana. Duk sanda bayanin da yake nema ba ya cikin kash, sai ya je RAM, babbar ma'ajiyar aiki da ke wajen furosesan, kuma zuwa RAM a lissafin furosesa tafiya ce mai nisa.

Shi ya sa gigahaz 5.6 ɗin i7 bai ba shi nasara ba. In aka haɗa gem da yawa aka ɗauki matsakaici, Ryzen ɗin ne a gaba, ko da yake tazarar ba wata mai nisa ba ce, 'yan kashi ne cikin ɗari. Akwai ma gem ɗin da i7 ke kamo shi ko ya ɗan wuce. Amma matsakaici yana ɓoye abin da ya fi muhimmanci. Akwai nau'in gem da ke cin kash kamar me: Microsoft Flight Simulator, Factorio in masana'antarka ta girma, Baldur's Gate 3 in ka shiga babban birnin da mutane suka cika titi, da Counter-Strike 2 ga masu neman firam ɗari-ɗari. A irin waɗannan ba sai an sa ma'auni ba, ido ma yana gani.

Ni abin da ya fi ɗaukar hankalina ma ba yawan firam ɗin ba ne. Ɗan daskarewar nan ce ta ƙiftawar ido. Kana sauko da jirgi a babban filin jirgin sama, gine-gine suna fitowa, fitilu sun cika ƙasa, hannunka na kan sanda, sai hoton ya ɗan tsaya cak sannan ya ci gaba. Ba ta kai rabin daƙiƙa ba, amma ta isa ta ɓata maka saukar. A kan Ryzen ɗin irin wannan tana raguwa ƙwarai, tafiyar tana zuwa sumul. Wanda ya saba da hakan, in ya koma wata na'urar zai ji wani abu ya canza ko da bai iya faɗin mene ne ba.

Sai dai a yi hattara da gwaje-gwajen da ake gani a intanet. Masu yin su suna sa katin girafik mai ƙarfi sosai, irin RTX 4090, su rage girman hoto zuwa 1080p, don su tilasta wa furosesa ya zama shi ne mai jan ragama. Hanyar gwaji ce mai kyau, amma ba haka yawancin mutane ke buga gem ba. In allonka 4K ne, mai ninkin 1080p sau huɗu, ko katinka matsakaici ne, katin ne zai gaji tun kafin furosesa ya yi gumi, kuma a nan su biyun kusan kunnen doki suke yi. Na gwada a 4K da saiti mai nauyi, wallahi in an rufe min akwatin ba zan iya ce maka wanne ke ciki ba.

Yanzu aiki. Nan kam labari ya sha bamban, kuma ba na son masoya AMD su yi ta kwana-kwana a kai.

Ƙwayoyi 20 na i7 iri biyu ne: manya 8 masu ƙarfi, kowace tana ɗaukar layi biyu, da ƙanana 12 masu layi ɗaya-ɗaya, shi ya ba da 28. A gem ƙananan nan ba su da wani tasiri sosai, sai dai su riƙe abubuwan da ke gudana a bayan fage. Amma ka ba shi aikin da ake iya rabawa gida-gida, ka ce ya fitar da bidiyo, ko ya zana hoto a Blender, ko ya matse manyan fayiloli, ko ya harhaɗa babbar manhaja, sai duk su tashi tsaye. A gwajin Cinebench R23 na ƙwayoyi duka, i7 yana kaiwa wajen maki 35,000, Ryzen ɗin kuma wajen 18,000. Kusan ninki biyu ke nan. A cikin 'yan gidansu na ƙarni na 14 ma, i7 kaɗai ne aka ƙara wa ƙwaya: wanda ya gada, i7-13700K, ƙanana 8 gare shi, aka ƙara masa 4. Sauran gudu kawai aka ɗan ɗaga musu aka canza suna.

Ga wanda bai taɓa zaman jiran bidiyo ya fita ba, ninki biyu lamba ce kawai. Ga ni kuwa, ita ce bambancin in mai aiki ya kira ya ce a canza masa rubutun da ke minti na uku, in ce masa "ba ni ɗan lokaci" ko in ce "sai gobe in Allah ya kai mu". Kuma gyara ba ya zuwa sau ɗaya. Za a canza rubutu, a dawo a ce kiɗan ya yi ƙara, a dawo a ce a cire fuskar wane. Kowane gyara sai an sake fitarwa.

Akwai kuma wani abu da mutane ke rainawa, wato ƙaramin girafik ɗin da ke cikin i7, UHD 770. Ba don gem ba, a nan ba ya tsinana komai. Amfaninsa Quick Sync ne, sashen da ke warware bidiyo da naɗe shi. Kyamarori da yawa na zamani suna ɗauka da tsarin HEVC mai bit 10 da launi 4:2:2, wanda yake da nauyin warwarewa, kuma katunan girafik da yawa ba sa taɓa shi, sai su bar wa furosesa. Quick Sync yana warware shi kai tsaye, Premiere Pro da DaVinci Resolve Studio kuma sun san yadda za su yi amfani da shi. Sai ka ja bidiyon gaba da baya a kan layin tacewa yana binka ba gardama. Saboda haka in tace bidiyo ce sana'arka, kada ka bari rangwamen 'yan daloli ya ja ka ga 14700KF. Harafin F ɗin nan yana nufin an kashe girafik ɗin ciki, Quick Sync kuma ya tafi da shi.

Kada a fahimce ni ba daidai ba, 7800X3D ba rago ba ne. Ƙwayoyinsa 8 sun ishi mai rubutu, mai lissafi, mai gyaran hoto, har mai tace bidiyo jefi-jefi. Yana ma da umarnin AVX-512 da Intel ta rufe a nata, abin da masu kwaikwayon PlayStation 3 da manhajar RPCS3 ke jin daɗinsa. Amma kash ɗin da ke ba shi nasara a gem, a yawancin ayyukan nan zaman banza yake yi. Har ma ya ɗan rage masa gudu: da yake faifan yana zaune a kan ƙwayoyin, zafi ba ya fita da sauƙi, kuma ba ya jure wuta mai yawa, dole AMD ta sauke gudun. Ɗan'uwansa 7700X da ba shi da ƙarin kash yana kai 5.4, ya fi shi arha, kuma a aikin ofis da na fitar da bidiyo yakan ɗan riga shi. Wanda ba ya buga gem ya sayi 7800X3D, kuɗinsa ya zubar.

Sai maganar wuta, wadda ita ce ta sa ra'ayina ya karkata.

A jikin kwali kusan ɗaya suke: Intel ta rubuta wat 125, AMD ta rubuta 120. Kada ka yarda da wannan. Lamba ta biyu da Intel ta bayar ita ce ta gaskiya, wat 253 in an sake masa mara, kuma a farkon fitowarsa madabod (babban faifan da ake dasa furosesa a kai) da yawa suna zuwa ne a buɗe ba iyaka, har ya zarce hakan. Shi kuwa Ryzen ɗin ko 120 ɗin da aka rubuta masa ba ya kaiwa. Ka ɗora masa aiki mafi nauyi, da wuya ya haura 90. A cikin gem yawanci tsakanin 50 da 70 yake yawo, alhali i7 a gem ɗin guda yakan sha ninkin haka ko fiye. Wato yana ba ka firam daidai ko fiye, da rabin wuta. Ban san wata lamba a duk kwatancen nan da ta kai wannan nauyi ba.

Wutar nan kuma ba a takardar biya kaɗai take tsayawa ba. Duk wat ɗin da ya shiga furosesa zafi yake zama, kuma dole a fitar da shi. Babu wanda ke zuwa da na'urar sanyayawa a kwalinsa cikin su biyun. Ryzen ɗin matsakaiciyar mai fanka ta ishe shi. i7 kuwa in kana so ya yi cikakken gudunsa na tsawon lokaci, sai dai mai ruwa mai fanka uku, ta milimita 360, ko babbar mai hasumiya biyu, in ba haka ba zai taɓo digiri 100 ya rage gudu da kansa. Ƙara kuɗin wannan a lissafinka, ka ƙara da na akwatin wuta mai ɗan girma, wato wanda ke raba wa kayan cikin kwamfutar lantarki.

Wani abu da ke ruɗa sababbin shiga: za ka buɗe manhajar duba zafi ka ga Ryzen ɗin yana digiri 80, ka ce to ina sanyin da ake faɗa? Zafin da ma'auni ke nunawa daban, zafin da ke fitowa ɗaki daban. Nasa ya taru ne a ɗan ƙaramin wuri a ƙarƙashin faifan kash, shi ya sa lambar ke hawa, iyakarsa kuma 89 ce. Amma sa hannunka a bayan akwatin inda iska ke fita. Ta Ryzen ɗumi-ɗumi ce. Ta i7 in yana tsakiyar fitar da bidiyo, za ka ji ta a tafin hannunka sosai, fankokin kuma sun ɗaga murya. Abin da ke ɗumama ɗaki wat ne, ba digiri ba.

Adalci dai a faɗi biyu a nan. Na farko, in kwamfuta tana zaune ba ta komai, ko ana ɗan karatu a intanet, Intel ya fi tsimin wuta, domin tsarin AMD na faifai biyu yana da wani sashe da ba ya barci sosai. Na biyu, i7 yana karɓar linzami. Ni na shiga BIOS, wato manhajar saitin madabod, na sa masa iyakar wat 200, abin da na rasa na gudu kaɗan ne, fankoki kuma suka lafa. Aikin minti biyu ne, kuma ina ba duk mai shi shawarar ya yi.

Akwai tarihin da bai kamata mai saye ya jahilta ba. A 2024 rahotanni suka yi yawa cewa manyan furosesa na Intel na ƙarni na 13 da 14 suna faɗuwa a tsakiyar gem ko aiki. A watan Yuli kamfanin ya amsa cewa furosesan yana neman ƙarfin wuta fiye da kima, abin da ke cinye shi a hankali. Suka fitar da gyara ta hanyar BIOS, 0x129 a watan Agusta, 0x12B a watan Satumba, suka kuma ƙara shekara biyu a kan garanti, na kwali ya koma shekara biyar. 14700K yana cikin jerin. Nawa dai lafiya lau yake aiki har yau. Amma gyaran rigakafi ne, ba ya warkar da wanda ya riga ya lalace. Don haka in sabo ka saya, sabunta BIOS tun kafin ka sa Windows. In kuma na hannu ne, ba takardar saye, ba ka san irin wutar da ya sha a hannun mai shi na farko ba, ni dai ba zan sa kuɗina ba.

AMD ma ba a bar ta a baya ba. Makonni kaɗan bayan fitowar 7800X3D, a watan Afrilun 2023, aka ga hotunan wasu da suka ƙone har suka kumbura, soket ɗin, wato mazauninsa a kan madabod, shi ma ya tafi. Wasu madabod ne ke tura wuta mai yawa ga wani sashe na furosesan in an kunna saitin EXPO don RAM ya yi cikakken gudu. AMD ta ƙayyade shi a bolt 1.3, maganar ta mutu. Darasin ɗaya ne: BIOS na farko-farko ba abin zama a kai ba ne.

Wajen harhaɗawa kowanne da halinsa. Murfin Ryzen yana da wasu tsaguna a gefe, in ka cika man zafi sai ya gangara ciki, gogewa kuma sai da tsinken auduga da haƙuri. Sannan karon farko da ka kunna, allo zai yi baƙi ƙirin na minti ɗaya ko fiye, fitilar madabod tana ja, gabanka na faɗuwa. Kada ka kashe. Yana daidaita kansa da RAM ne. Shi kuma i7 dogo ne ba murabba'i ba, maƙallin soket ɗin LGA1700 yana danna shi a tsakiya har murfin ya ɗan lanƙwasa, shi ya sa mutane ke cire maƙallin su sa wani ɗan firam na ƙarfe mai arha don na'urar sanyayawa ta zauna daram.

To kuɗi fa? Farashin furosesan kansa yana hawa da sauka, wani lokaci wannan ya fi arha, wani lokaci wancan, don haka ba zan kafa hujja a kansa ba. Abin da ba ya canzawa shi ne gidan da kowanne ke zama. i7 yana karɓar RAM nau'in DDR4 da DDR5, kuma yana hawa madabod na jerin 600 da 700. Ke nan wanda yake da kwamfuta mai i5 na ƙarni na 12, da madabod mai ƙwarin da zai iya ba da wat 253, zai sabunta BIOS ya cire tsoho ya sa wannan, RAM ɗinsa na nan, komai na nan. Wannan babbar garaɓasa ce, kuma ga irin wannan mutumin ban ga dalilin rushe gida a koma AMD ba. Sai dai a sani DDR4 yana rage wa i7 gudu a gem, tazararsa da Ryzen sai ta ƙaru.

Ryzen ɗin DDR5 kawai yake ci, a soket AM5. Amma ba ya da tsirfa: madabod B650 mai sauƙin kuɗi ta ishe shi tunda ba ya jan wuta, DDR5-6000 shi ne daidai wa daida, kuma saboda yawan kash ɗinsa ko RAM ɗin bai kai haka ba ba ya jin jiki sosai. Wanda zai fara daga tushe, in ya tara kuɗin madabod da na sanyayawa da na akwatin wuta, sau da yawa sai ya ga ɓangaren AMD ya zo daidai ko ƙasa.

Sannan gobe. LGA1700 ya zo ƙarshen hanya. A watan Oktoban 2024 Intel ta koma sabon soket, LGA1851, da jerin Core Ultra 200S, saboda haka abin da ya rage wa mai i7 ya hau a wannan madabod ɗin i9 ne kawai. AM5 kuwa ya karɓi Ryzen 9000 a 2024, har da 9800X3D da ya fito a watan Nuwamba a kan dala 479, wanda aka mayar da kash ɗinsa ƙarƙashin ƙwayoyi don zafi ya samu hanyar fita, kuma AMD ta ce za ta riƙe soket ɗin har 2027 ko fiye. In ka tarar tazarar kuɗi tsakanin 7800X3D da 9800X3D ba ta da yawa, ɗauki sabon.

In aka tsare ni aka ce in bar ɗaya, i7 zan riƙe, don shi ke biyan kuɗin ɗayan. Amma wannan lissafin mai tace bidiyo ne. Yawancin masu turo min tambaya, in na ce "wane aiki mai nauyi kake yi?", sai su ce wataƙila nan gaba za su fara. Malam, kada ka sayi ƙwayoyi 20 saboda wataƙila. In gem ne abin da ke zaunar da kai gaban allo, 7800X3D ne naka. In kuma sayen ɗayansu zai sa ka rage kuɗin katin girafik, bar su duka biyun, ka ɗauki Ryzen 5 7600 ko Core i5-14600K, ragowar ka zuba a katin.